Shin Maganadisu Ya Bayyana Tsagewar Teku ga Annabi Musa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibin kimiyya ne, kuma na karanta cewa masana sun raba ruwa gida biyu da maganadisu, har suka laƙaba wa abin sunan Annabi Musa (AS). Shin wannan na nufin kimiyya ta gano yadda mu'ujizar ta auku?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Labarin gaskiya ne, amma bai kai inda kake zato ba. A shekarar 1994 wasu masu bincike a Japan suka zuba ruwa a wani siririn mazubi cikin maganadisu mai ƙarfin tesla 8 (tesla ma'aunin ƙarfin maganadisu ne), wato fiye da ƙarfin maganadisun duniya sau 100,000, sai ruwan ya ja gefe da gefe har ƙasan mazubin ya bayyana. Dalili shi ne maganadisu yana ɗan ture ruwa, turewar da ba a lura da ita sai ƙarfinsa ya kai matuƙa. Ko a tesla 10, ramin da ke samuwa bai wuce kimanin santimita 4 ba, kuma idan aka narkar da wani gishirin tagulla a ruwan, tsakiyarsa tudu take yi maimakon rami. Saboda haka kamanni ne ya jawo sunan, ba bayanin mu'ujiza ba, kuma a ganina mai kafa hujja da shi bai yi wa addini ko kimiyya adalci ba.

Irin wannan aron suna tsohon abu ne. Masuntan Peru sun kira ɗumamar ruwan tekunsu El Niño, suna nufin jariri Isa (AS), domin wajen Kirsimeti take zuwa.

Akwai kuma inda imani ya wuce suna ya shiga cikin aikin kansa. Wajen shekarar 1121, masanin kimiyya Al-Khazini ya rubuta littafin Mizanul Hikma a birnin Marwa (Merv, a ƙasar Turkmenistan ta yau), inda ya bayyana sikelin da ke auna abu a iska da kuma cikin ruwa, don a bambance tsantsar zinariya da wadda aka yi wa gauraye, ya kuma ɗora wannan aiki a kan adalcin da Alƙur'ani ya haɗa da mizani. A Turai kuwa an daɗe ana riƙe da ra'ayin Aristotil, masanin falsafar Girka, cewa ba za a sami sararin da babu komai a cikinsa ba, har malaman coci suka yi ta muhawara kan cewa ikon Allah bai gaza halittar irin wannan sarari ba. Gwajin masana kimiyya Torricelli na 1643 da Pascal na 1648 ne suka nuna cewa nauyin iska ke riƙe zaiba a cikin bututu, samanta kuma a sami irin wannan sarari da babu komai a cikinsa.