Totur ɗin kombi mai lilo

Ka ce totur ɗin kombin nan yana lilo, sai an taka rabi kafin inji ya amsa, ko a sake kebur? Ku yaran yanzu komai "a sake". Ka ko leƙa ƙarƙashinta?

Volkswagen kombi injinta a baya yake, kebur ɗin ya haura mita uku, kuma ba kasafai laifin ke zama nasa ba. Kwance farantin da ke ƙarƙashin ƙafar direba. Sandar da ta sauko daga feda tana tura wani hannun ƙarfe mai juyawa a kan fil, shi ke jan kebur. Nan ciwon yake: ramin hannun da fil ke shiga ya cinye ya koma siffar ƙwai, fil ɗin ya yi tsiririn wuya. A cike ramin da walda a sake huda shi daidai kaurin sabon fil, ko a dasa bushi, wato zoben tagulla, a cikin ramin. Washa gefe da gefe, sai giris. Cire feda ba sai na koya maka ba.

Ɗaurin waya ne kada in gani. Akwai wani mai kombi da aka saita wa kafireta a garejin nan, aka nuna masa ramin, ya ce kuɗin bushi ya yi yawa. Ya kai bakin titi aka ɗaure masa da waya, aka ƙara jan kebur don lilon ya ɓace. Wata rana waya ta sarƙe, totur ya maƙale a buɗe. Direba, maimakon ya kashe makulli, sai ya danne kuloci. Inji ya yi ta kururuwa ba kaya har bawul ya tsinke ya faɗa kan fistin. Mutumin nan ya jawo motar ya ce saitinmu ne. Aka sauke inji don kare sunan gareji, kwana huɗu ana aiki, kuɗin hannu har yau shiru. Wayar kuwa tana nan a ɗaure, kowa ya gani.

In ka gama gaba, koma baya wajen kafireta. Sassauta sukurun da ke riƙe bakin kebur, sa wani ya take feda har ƙasa, ka bar tazarar milimita 1 tsakanin hannun kafireta da matsayarsa, sannan ka ɗaure. In babu tazarar nan kebur zai tsinke, ko sandar kafireta ta cinye. Ya saki ƙafa, ka ji hannun ya koma da kansa ya ce ƙas. In bai koma ba, duba sifirin da ke mayar da shi da bututun kebur da ya ratsa gidan fanka kafin ka taɓa makulli.