Amsa ga ƙanwarmu da turarenta ke juyewa a jiki

Assalamu alaikum ƴan uwa, ina wuninku, ya zafi? To ƙanwata, na saurari saƙonki. Kin ce kin ji wani turaren mai a jikin ƙawarki, mai ƙamshin alewa da banila, kin tafi babbar kasuwa kin sayo irinshi, amma ke da kin shafa, bayan ɗan lokaci sai ya koma tsami, har da ƙauri-ƙauri. Kina tambaya ko jabu anka ba ki.

Kafin ki koma ki yi rigima da mai shago, ki fara yin abu guda. Ki ɗiga shi a ƙyalle mai tsabta, ki kuma shafa kaɗan a wuyan hannunki, ki bar su kamar awa biyu. In na ƙyallen yana nan da daɗinshi, na hannun ne ya juye, to turaren lafiya lau yake, shi da fatarki ne ba su shirya ba. In duka biyun sun yi tsami, kwalbar ce ta lalace. Hakan na faruwa sosai a nan Maradi, don kaya na shan rana a tebur, ga zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40. Sinadaran lemu da na fure da ke cikin turare, in iska da haske sun daɗe suna taɓa su, sukan canza, wani lokaci har su sa ƙaiƙayi.

Amma ni na fi zaton jiki ne. Kuma don Allah ki ji ni da kyau, wannan ba ƙazanta ba ce. Na sha ganin mace ta shiga damuwa, tana wanka sau uku a yini tana dirzar jiki, alhali dirzar ma ƙara ɓata lamarin take.

Fatar ɗan Adam tana da ɗan tsami nata na halitta, a ma'aunin tsami da ake kira pH wajen 4.5 zuwa 5.5. A kanta akwai maiƙo, akwai zufa, akwai kuma ƙananan halittu, bakteriya, da ke zaune jikin kowa. Zufar hammata in ta fito ba ta da wari, su bakteriyan ne ke cin ta su fitar da abubuwa masu tsami da masu warin albasa. Kowa da yawan nashi da irin nashi, ko ƴan ɗaki ɗaya ba su zama daidai. Shi ya sa ƙawarki ta shafa ya zauna, ke kin shafa ya tashi.

To mi ya sa masu zaƙi sunka fi yin haka? Mafi yawansu an gina su kan banilin, sinadarin ƙamshin banila, da wani sinadari da ake kira etil maltol, shi ke ba da ƙamshin alewar nan. Waɗannan suna da nauyi, ba su saurin tashi. Da kin shafa, ƙamshin sama mai sanyi, na lemu da ƴaƴan itace, shi ke fara gudu, kuma da zafin garinmu cikin mintoci ya tafi. Sai a bar ki da zaƙin zalla, ba abin da ke rage mashi ƙarfi. Zaƙin nan kuma ba ya rufe tsamin zufa, hawa kanshi yake yi, hanci ya ji su tare, kamar madarar da ta kwana. Ga shi turaren mai ba shi da alkol da zai watsa shi, manne yake da fata yana ɗumi yini guda. In kuma akwai yasmin a ciki, furen na ɗauke da wani abu, indol, wanda kaɗan ɗinshi daɗi ne, in ya yi yawa sai ya koma hamami.

Sai abinci. Tafarnuwa na fita ta zufa da numfashi, wannan kowa ya sani. Amma wadda mata ba su lura da ita ita ce hulba. Masu shan ta don ƙiba ko don ruwan nono, warinta na fitowa a zufa, kuma shi ma mai zaƙi-zaƙi ne mai nauyi. Ki haɗa shi da turare mai zaƙi, abin ya yi yawa. Ki duba ko kina sha.

Ki duba kuma abin da kike shafawa kafin turaren. Sabulu mai kaifi yana kwashe tsamin nan na fata na ɗan lokaci. Man kaɗanya yana da ƙamshin kanshi, balle in ya tsufa. Mayukan bilicin kuwa, ban da illar da suke wa fata, yawancinsu da nasu wari suke zuwa. Juna biyu da lokacin al'ada su ma suna canza jiki, suna canza hancin kanshi, abin da kike so jiya yau ya tayar maki da zuciya.

Kada ki zubar da shi. Ki daina sa shi a hammata ko ƙarƙashin nono ko duk inda zufa ke taruwa. Ki murza ɗigo ɗaya a tafin hannu ki goga a mayafi ko cikin riga, inda tabon mai ba zai fito ba, yadda muke yi da humra da turaren wuta. Tufafi ba su da maiƙo irin na fata, ƙamshin ya fi tsayawa yadda yake. Ko ki ajiye shi a inuwa, cikin kwaba, har hunturu, za ki ga bambanci in zufa ta ragu. Lokacin zafi ni na fi ba mutane shawarar sandal ko miski mara nauyi.

In za ki sake saye, ki roƙi mai shago ya ɗiga maki a hannu, ki tafi ki gama cefanenki, ki shinshina kafin ki biya. Amma in kin lura warin jikinki ne da kanshi ya canza kwatsam, ko ba turare, ga yawan ƙishirwa da fitsari ko kasala, wannan ki tafi likita a auna maki sukari da ƙoda. Ki gwada na ƙyallen nan yau ki faɗa mana abin da kinka ji.