Tambayoyinku: Rigar Oktoba, Kuɗin Google da Git Mai Taurin Kai

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a ATBU, ina zaune a Yelwa. Abokina ya ce in na gyara waƙafi ko harafi ɗaya a manhajoji huɗu a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, cikin watan Oktoba, wani kamfani zai aiko min da riga kyauta. Wace hanya ce ta fi sauri?

Amsa: Hanya mafi sauri ita ce ka hau keke napep zuwa kasuwar Wunti ka sayi riga. Da kai da abokin naka, ku saurara.

Shirin da yake nufi Hacktoberfest ne, wanda kamfanin DigitalOcean ya fara a 2014 don jawo masu rubuta kod, wato umarnin da ake gina manhaja da shi, su taimaka wa buɗaɗɗun manhajoji, irin waɗanda kowa zai iya karanta kod ɗinsu ya gyara. An sa rigar ne don ƙarfafa gwiwa. A 2020 sai masu tunani irin na abokinka suka yi wa GitHub ambaliya da gyaran banza: wannan ya ƙara ɗigo, wancan ya liƙa kalmar yabo a jikin sunan manhaja. Cikin kwanakin farko na watan kamfanin ya canza doka, ya ce gyara ba zai shiga lissafi ba sai a manhajar da masu ita suka amince su shiga shirin. A 2023 kuwa ba a ma raba rigar ba. Labarin abokinka ya sha rana.

Abin da ke ɓata min rai shi ne, mutane ba sa tunanin wanda ke ɗaya ɓangaren. Da yawa daga masu kula da waɗannan manhajoji ba albashi suke karɓa ba. Mutum ya tashi daga aikinsa, ya sa yara sun yi barci, ya buɗe kwamfuta don ya toshe wata kafa da ɓarayin intanet za su iya bi, sai ya tarar da tulin saƙonni na masu neman riga. Kowane ɗaya sai ya buɗe, ya karanta, ya rufe. Kuma duk abin da ka tura yana nan a shafinka da sunanka. Ranar da ka nemi aiki, mai ɗauka zai leƙa ya ga an yi maka tambarin shara. Yanzu ma an ƙaro wata annobar, masu sa ChatGPT ya rubuta gyaran da su kansu ba su gane ba. In aka tambaye ka dalilin layi na bakwai ka yi shiru, ka kunyata kanka ne kawai.

Zaɓi manhaja ɗaya da kake amfani da ita da gaske. Karanta fayil ɗin ƙa'idojin bayar da gudummawa, wanda na san ba za ka so karantawa ba. Duba matsalolin da aka ware wa sababbin shiga, ka rubuta cewa kana son ɗauka, ka jira amsa. In kod bai zauna maka ba tukuna, shirin Common Voice na Mozilla, mai tara muryoyin mutane don koya wa kwamfuta gane magana, yana karɓar muryoyin Hausa. Je ka karanta musu jimloli, wannan ma gudummawa ce.

Tambaya: Na gama karatu, ina aiki a shagon gyaran waya a Gombe. Google Summer of Code na ɗalibai ne kaɗai?

Amsa: Wannan shiri na Google, mai haɗa mutum da ƙungiyar buɗaɗɗiyar manhaja don ya yi mata aikin kod, da na ɗalibai ne kaɗai tun kafa shi a 2005, amma daga 2022 an buɗe wa duk wanda ya kai shekara 18 kuma sabo ne a harkar. Ana biyan alawus, yawansa ya danganta da ƙasarka da girman aikin. Ana sanar da ƙungiyoyin da za su shiga shirin wajen Fabrairu, a karɓi takardun nema wajen Maris. Wanda ya fara gaisawa da ƙungiya ranar rufewa, ya yi wa kansa.

Tambaya: Malam, ina tura aikina GitHub yana ƙin karɓar kalmar sirrina, alhali daidai take. Daga 'yarka a Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Daidai take, 'yata, GitHub ne ya daina karɓarta ta wannan hanya tun Agustan 2021. Yi makullin SSH, wato makullin sirri da ake saitawa a kwamfuta don GitHub ya gane ki ba tare da kalmar sirri ba. Tokin, wato doguwar lambar sirri da GitHub ke bayarwa a madadin kalmar sirri, ma yana yi, amma ni SSH nake so, sau ɗaya ka saita ka huta.

Tambaya: Ba ni da kwamfuta, kuma data na cinye min kuɗi. Zan iya da waya?

Amsa: In Android ce, sauke Termux, manhajar rubuta umarni a waya, daga F-Droid, rumbun buɗaɗɗun manhajojin Android, ka girka git, manhajar da ake kwafo kod da tura shi GitHub da ita. Wajen kwafo manhaja, ƙara --depth 1 don kada ka jawo tarihin shekaru da datarka. Ka nemi ƙaramin kibod mai bulutut, in ba haka ba babban yatsanka zai kai ƙararka wajen mai unguwa.