Tambaya da Amsa: Daga Agege zuwa Akra ta Mota

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni mutumin Kano ne, ina sayar da atamfa da shadda a Agege. Baffana yana zaune a unguwar Nima da ke Akra, kuma ya daɗe yana kirana in je in ga gari, idan ya yi mini in buɗe shago a can. Ina so in bi ta mota domin in ga hanya. Waɗanne takardu zan riƙe, me ya kamata in tsaya in gani, kuma da gaske ne ɗan Najeriya yana iya zama a Gana ya yi kasuwanci ba tare da neman izinin kowa ba? Daga mai karatu a Agege, Legas.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe, domin ita ce ta fi jawo wa 'yan'uwanmu asara. A nan Legas aka kafa ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a 1975, kuma yarjejeniyarta ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Wannan dama ta baƙunta ce. Wanda zai wuce wannan wa'adi sai ya nemi izinin zama daga hukumar shige da fice ta Gana, ya kuma yanki katin shaidar baƙi, ko da kuwa a ɗakin baffansa yake kwana.

Maganar shago ta fi haka nauyi. Dokar zuba jari da Gana ta kafa a 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa sayar da kaya a cikin kasuwa da talla da ƙananan rumfuna, sannan ta shar'anta wa baƙon da zai yi harkar saye da sayarwa jarin dala miliyan ɗaya da ɗaukar 'yan Gana 20 aiki. Da wannan doka aka rufe shagunan 'yan Najeriya masu yawa a Akra da Kumasi a 2019 da 2020, wasu suka shafe watanni kayansu na kulle a ciki, haya tana ci, masu bin bashi suna jira. An daɗe ana maganar gyara dokar, saboda haka kafin ka kwashe ko bandir ɗaya daga Agege, ka je ofishin jakadancin Najeriya da ke Akra da kuma ƙungiyar 'yan kasuwar Najeriya ta can, ka ji matsayinta a ranar. Akwai masu yin rajistar shago da sunan ɗan ƙasa don su kauce wa wannan sharaɗi. Ban ba ka shawarar haka ba, domin dokar ta haramta shi, kuma ranar da aka sami saɓani, takarda za ta nuna cewa dukiyar ba taka ba ce.

Dangane da takardu, ka riƙe fasfo mai sauran wa'adi ko takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS, tare da katin rigakafin cutar shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa. Ka yi allurar da wuri, saboda katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10. Kada ka sayi katin a hannun 'yan tasha. Iyaka uku za ka ƙetare: Seme tsakaninmu da Jamhuriyar Benin, Hillacondji tsakanin Benin da Togo, sai Aflao, ƙofar Gana. A kowace iyaka ka buɗe fasfonka da kanka ka ga an buga hatimin fita da na shiga kafin ka koma mota. 'Yan acaɓa za su yi maka tayin zagayawa ta bayan shinge a kan kuɗi kaɗan, amma wanda ya shiga ba hatimi ba shi da hujjar ranar shigarsa, kuma a hanyar dawowa zai biya ninkin abin da ya guje wa. Masu sabon fasfo da ba a taɓa buga wa hatimi ba su ne aka fi matsa wa da neman na goro; ka nemi rasit cikin ladabi, kada ka ɗaga murya.

Tafiyar ba ta kai kilomita 500 ba, amma shingaye da layin iyaka sukan cinye yini guda. Ana samun motoci a Mile 2 da Jibowu, kuma gara ka yi sammako bayan sallar Asuba, don ka wuce cunkoson hanyar Badagry. Ka canji sefa kaɗan don Benin da Togo, sidi kuma don Gana, ka tuna cewa da ka shiga Togo agogo ya koma baya da awa ɗaya, wanda ya shafi lissafin lokutan salla a wayarka.

Idan son samu ne, ka raba tafiyar kwana biyu. A Badagry akwai tsohon benen da 'yan mishan suka gina a 1845 da gidajen tarihi da ke ajiye da sarƙoƙin cinikin bayi. Ka kwana a Kwatano, a unguwar Zongo, inda za ka yi ciniki da Hausa ba tare da ka san Faransanci ba, sa'an nan ka shiga kasuwar Dantokpa. Kai da atamfa ce sana'arka, a nan da babbar kasuwar Lome za ka fi ƙaruwa: ka kama gefen turmi ka murza, ka duba lambar da ke baki, ka tambayi farashin sari, za ka gane ta inda kayan da kake saye a kasuwar Balogun ta Legas suke biyowa da abin da ake ɗora musu a hanya. Tsakanin Kwatano da iyakar Togo akwai garin Ouidah, inda aka gina ƙofar tunawa da bayin da aka loda a jiragen ruwa daga wannan gaɓa.

A Akra ba za ka yi baƙunta sosai ba. A Nima da Maamobi da Fadama Hausa ce harshen titi, ko da yake za ka ji ta da wani kari dabam da na Kano, kuma da yawa daga masu jin ta ba Hausawa ba ne. Kakanninmu fatake ne suka buɗe mana hanyar Gana da cinikin goro ta Salaga da Kumasi, kuma Malam Bako ne ya kafa Sabon Zongo na Akra a farkon ƙarni na 20. Ka yi Juma'a a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021, kusa da Nima ne ƙwarai. Ka kuma roƙi Baffa ya zaunar da kai da dattawan unguwa su ba ka labarin 1969, lokacin da gwamnatin Firaminista Busia ta kori baƙi marasa takardu, har da waɗanda aka haifa a can. Mu ma mun yi wa 'yan Gana irin wannan a 1983.

Shawarata ita ce ka bar shagonka na Agege a hannun amintaccen yaro, ka je da kuɗin mota na dawowa a aljihu, ka yi mako uku ko huɗu. Ka tambayi kuɗin haya, domin masu gidaje a Akra sukan nemi na shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, ka lissafa ribar turmi bayan canjin sidi zuwa naira. Mai yiwuwa ka ga cewa aika wa dillalan Nima shadda a kan sari daga nan Legas ya fi maka buɗe shago, kuma wannan Baffa yana iya tsaya maka a kai.