Kafin ku sayo irin fure, Hajiya

Hajiya, kin ce ƙungiyarku ta mata na son sayo irin furen tulif, mai kama da albasa, daga waje, ku sayar a Maradi ku cika asusu. Gaskiya ni ban ba ku wannan shawara ba. Tulif, wanda ƙasar Holan ta shahara da shi, sai ya kwashe kimanin wata uku cikin sanyi mai tsanani kafin ya yi fure. Hunturunmu bai kai nan ba, zafin Afrilu kuwa dafa shi zai yi cikin ƙasa.

Dabarar da ke bayan abin ita ce mai kyau: a karɓi kuɗin mutane tukuna, sannan a sayo kaya. Ku riƙe ta, ku canza haja. Dashen zogale, mangwaro, lemu da bedi, waɗannan mutanenmu sun san amfaninsu, zogale ma matan gida ba sa jiran talla. Ku auna 3 ga Agusta, ranar dashen itace, lokacin damina ta zauna.

Ku fara zagayawa tun Yuni da littafi guda: suna, unguwa, iri, kuɗin da aka ajiye. Mai rubutu daban, mai riƙe kuɗi daban, ko da uwa ɗaya ta haife su. Ku je wurin masu renon itace da kanku, ku ɗaga leda ku duba gindinta. Wadda saiwa ta fasa ta kama ƙasa, ku bar ta. A sayo ƴan ƙari, don wasu kan karye a amalanke.

Bashi kuwa, ko matar mai unguwa ce, a ba ta haƙuri.