Injin Camry ɗina ya buga: in gyara karanshaf ko in sayi na Beljiyam?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Camry ƙirar 1999, wadda ake kira Fensir, mai silinda huɗu. Ina kan hanyar Zariya zuwa Kano fitilar baƙin mai ta fara ƙiftawa, jim kaɗan na ji ƙwas-ƙwas daga ƙasan inji, sai na tsaya aka jawo ta. Bakanikena ya ce metal ya cinye, karanshaf ya ji rauni, a kai shi girandin. Wani abokina kuma ya ce asarar kuɗi ce, in sayi injin Beljiyam kawai. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya mayar da alheri. Tsayawar da ka yi da wuri ita ce ta bar maka zaɓi, don da ka lallaɓa ta har Kwanar Dangora da wata maganar muke yi yanzu.

Kada ka ba kowa ko sisi sai an sauke injin, an buɗe shi, ka tsaya a kai an auna. Kunne yana gaya mana inji ya buga, amma ba ya faɗin zurfin ɓarnar.

Karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa a ƙasan inji, ba ya taɓa metal ɗinsa, siririn ƙarfen da ke rungume da wuyansa, in inji na da lafiya. Tsakaninsu akwai rata ta kusan milimita 0.03 zuwa 0.05, ba ta kai kaurin gashin kai ba, kuma baƙin mai ne ke cika ta da matsin famfo. Da zarar man ya yanke, ƙarfe ya hau ƙarfe, metal ya narke, ya bar zane a wuyan karanshaf. Ƙarar da ka ji, kwanrod ne, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, ke dukan wuyan saboda ratar ta buɗe.

In an fito da shi, ka goge wuyan da tsumma, ka ja farcenka a kai. In farce ya wuce sumul, wani lokaci gogewa kawai yake so da sabon metal na asalin awo. In farce ya maƙale a zane, sai girandin. Sannan ka dubi launi. Wuya mai lafiya fari ne yana sheƙi. Wanda ya koma shuɗi ko baƙi-baƙi ya sha wuta, kuma ƙarfen da ya sha wuta haka yakan lanƙwashe ko ya tsage a kusurwar da wuya ya haɗu da kafaɗa. Tsofaffin masu sana'ar nan sukan rataye karanshaf da igiya su ƙwanƙwasa shi da ƙaramar guduma: mai lafiya yana amo kamar ƙararrawa, mai tsaga yana fitar da dusasshiyar murya kamar fasasshen tulu. Har yau ina yin wannan, sai dai ba ya maye gurbin maikiromita, ma'aunin kaurin ƙarfe. Dole a auna kowane wuya ta fuska biyu a ga ko ya zama kamar ƙwai.

Girandin rage kaurin wuya ne har zanen ya ɓace, a sa metal mai kauri ya cike gurbin. Yankan farko milimita 0.25 ne, shi ne ake ce wa 010 a gareji, na biyu 0.50, wato 020. A irin motarka, in karanshaf bai taɓa zuwa girandin ba, kuma yankan farko zai share zanen, ni gyara nake ba da shawara ba tare da jan numfashi ba. In an taɓa yankansa, ko sai an kai 020, na fi son ka bi hanya ta uku da ba a faɗa maka ba: ka nemi karanshaf na hannu mai asalin awo a Ƙofar Ruwa ko Panteka, ka tafi da bakanikenka da ma'auninsa, a auna a gabanka kafin ka biya.

Inda gyara ke lalacewa ba a karanshaf ɗin ba ne, a abin da ke kewaye da shi ne. In metal ya juya a cikin kwanrod, bakin kwanrod ɗin ya buɗe, kuma duk sabon metal da aka sa a ciki zai sake juyawa. A canza shi. Sai wanki. Cikin karanshaf akwai ƙananan ramuka da mai ke bi, kuma burbushin ƙarfe da ƙurar dutsen girandin suna kwanciya a ciki. An taɓa kawo mini mota mako uku bayan gyara a wani gareji, metal sabo fil ya riga ya zama kamar an goge shi da yashi. Da muka zura ƙaramin buroshi a ramin muka hura iska, baƙin laka mai ƙyalli ya fito a tafin hannuna. Mai motar direban haya ne, bashi ya ci ya yi aikin, kuma wankin rabin awa ne ya ja masa biya sau biyu. Abin ya tsaya mini a rai har yau. Haka kuma ka tabbata da maɗauri mai awo aka ɗaure kusoshin, ba da ƙarfin dantse ba.

Ka kuma tambayi bakaniken: me ya hana mai zuwa? Injin motarka, 5S-FE mai lita 2.2, an san shi da tara daskararren mai in ana jinkirta juye, kuma wannan dattin yana toshe rariyar da famfo ke zuƙo mai ta cikinta. Famfon man nasa bel ɗin taimin ne ke juya shi, robarsa kuma takan yi yoyo in ta tsufa. In ba a gano sanadin ba, sabon metal ma tafiya zai yi.

Abokinka yana da gaskiya a wasu halaye. In kwanrod ya fasa bulok, ko metal na tsakiya ya juya ya cinye mazauninsa, ko kuma dama motar tana hayaƙi, tana shan mai, tana zafi, to kuɗin fistin da ringi da gasket da aikin tof silinda in sun taru za su kama kuɗin inji ko su wuce. A nan sai a canza. Ka sa a rubuta maka lissafin biyu a takarda, har da kuɗin aiki. In gyara ya haura kashi biyu cikin uku na kuɗin inji, ni nakan karkata ga inji.

Sai dai ka sani, an daina ƙera wannan samfurin Camry tun farkon shekarun 2000, don haka injin Beljiyam ɗin da za ka saya sa'an naka ne a shekaru, kuma ba ka san wanda ya tuƙa shi ba. Wasu ma a nan gida aka yi musu kwaskwarima aka wanke. Ka sa a buɗe murfin sama ka ga ko akwai daskararren mai, a kwance kaskon ƙasa ka shafa da yatsa ko za ka ji burbushi, a juya injin da hannu ka ji ba ya cijewa. Ka karanta lambar da aka buga a jikin bulok, don ana miƙa wa mutane 3S mai lita 2.0 a matsayin 5S, kuma soket ɗin wayoyi da na'urorin jikinsa su dace da ƙwaƙwalwar motarka. Kwanakin gwaji a rubuta su a rasit, tare da lambar injin. Rasit ɗin ka adana shi, ka je ofishin lasisi a gyara lambar inji a takardun motar, don kada ta zame maka magana a shingen bincike ko ranar sayarwa.

Ko wanne ka yi, ka bi ta a hankali kilomita 1,000 na farko, ban da lodi, ban da taka totur sosai, sannan a juye mai a canza filta. In fitilar nan ta sake ko da ƙiftawa, ka kashe injin nan take a inda kake.