Sawun kuskure ba ya nuna mini inda matsala take, yaya zan yi?

Tambaya: Malam, ina rubuta manhaja da Python. Idan ta tsaya, wani lokaci layi ɗaya kawai nake gani: "an kasa adana bayanai". Wani lokaci kuma layuka sun fi hamsin, kusan duk na laburaren da na ɗauko, wato rubutun manhaja na wasu da nake amfani da shi. Ta ina zan fara?

Amsa: Sawun kuskure (stack trace) jerin fankshin ne, wato ƙananan sassan manhaja, da suka kira juna har zuwa inda abin ya fashe. A Python ainihin kuskuren yana can ƙasa, a Java da JavaScript kuwa yana sama. Daga nan ka bi layukan har ka tarar da na farko mai sunan fayil ɗinka. Galibi a nan ne ka miƙa wa laburare abin da bai dace ba.

Layi ɗayan nan ya fi damuna, domin yawanci mai rubutun ne ya share sawun da hannunsa. Idan ka kama kuskure da `except Exception as e` ka buga `e` kawai, saƙon ya fito, amma sunan fayil da lambar layi ba su biyo shi ba. Ka sa `logging.exception` a cikin wannan `except` ɗin, zai rubuta saƙonka tare da cikakken sawun. Idan kuma sabon kuskure za ka jefa, ƙara `from e` a ƙarshen layin `raise`, sai na asali ya bayyana a sama a matsayin sanadi. A Java ana miƙa na asalin ne cikin sabon, ya fito ƙarƙashin `Caused by`, kuma na ƙarshe a jerin shi ne tushen.

Sawu yana faɗa maka wuri, ba ya faɗin bayanan da ake aiki a kansu. Saboda haka sa lambar rikodin ko sunan fayil ɗin a cikin saƙon, amma ban da kalmar sirri. Daga Python 3.11 akwai `add_note` don wannan, kuma sigar tana ja wa ɓangaren layin da ya fashe alamar `^`. Wannan kaɗai ya isa dalilin sabuntawa.

Idan ka koma JavaScript, Chrome da Node.js matakai 10 na sawun kawai suke ajiyewa. Ɗaga `Error.stackTraceLimit` zuwa 50 lokacin bincike. Manhajar da aka matse rubutunta don rage girma kuma sai da fayil ɗin `.map` nata, mai nuna layukan asali, in ba haka ba kusan komai zai nuna layi na 1.